Moton da Ya Ƙone Sau Uku

A karo na uku da moton injin goge shinkafa ya ƙone, babu wanda ya ƙara cewa tsautsayi ne. Kamfanin yana kan hanyar Kano zuwa Zariya, ta wajen Kura, yana da injinan gogewa biyu a jere, iri ɗaya, rana ɗaya aka kafa su, kowanne da moto mai ƙarfin kilowat 55. Na dama bai taɓa ba kowa wahala ba. Na hagu kuwa ya ƙone da kaka, aka kai shi wurin mai naɗin koyil, aka dawo da shi, aka canza fiyus ɗin da ya tsinke, aka ci gaba da aiki. Wata huɗu ya yi ya sake ƙonewa. Aka maimaita duk abin da aka yi a baya, wannan karon ko wata biyu bai cika ba. Kuma duka ukun tsakanin azahar da la'asar abin ya auku: sai a ji kukan injin ya sauya ya koma gurnani, kafin a farga wari ya cika ɗakin, hayaƙi na fita ta wajen fanka.

Kowa da wanda yake zargi. Manaja ya ce mai naɗi ne yake sa waya maras kyau don a riƙa komawa wurinsa. Mai gyaran wutar kamfanin, wani dattijo da ya daɗe a wurin, ya ce wutar layi ce, tunda kowa ya san yadda take hawa da sauka. Wasu suka ce zafin bazara ne. Leburori a wajen cin abinci har sun fara raɗe-raɗin akwai hannu a ciki. Shi kuwa Alhaji mai kamfanin, zuciyarsa ta fi karkata ga yaron da ke jan injin na hagu, domin an sha kawo masa cewa yaron yana sakar wa injin shinkafa fiye da kima don ya cika buhunan ranar da wuri. Har an rubuta takardar sallamarsa, saura sa hannu. Abin da ya tsayar da ita shi ne shawarar wani abokin Alhaji mai kamfanin roba a Sharaɗa, wanda ya ce masa kafin ya kori kowa, ya nemi wani injiniya da ke zagaya masana'antu da kyamarar zafi.

Injiniyan ya zo, amma ranar farko ko zuge jakar kyamarar bai yi ba. Cewa ya yi a kai shi inda moton da ya ƙone yake.

An yi sa'a mai naɗin bai riga ya yanke tsohuwar wayar ba. Tsoho ne, ya kuma ji abin da ake faɗa a kansa, saboda haka bai karɓe su da fara'a ba. Injiniya ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce, “Baba, ba bincikenka na zo yi ba. Karatu na zo ɗauka. Me ka gani a cikinsa?”

Tsohon ya ɗan yi shiru, sannan ya jawo tocila ya haska cikin moton. Ya ce, “Ɗana, moton da aka danne da lodi, ko wanda iska ta daina shigarsa, gaba ɗaya yake dahuwa, ko'ina baƙi ƙirin. Dubi wannan. Baƙi ɗaya, lafiyayyu biyu. Baƙi ɗaya, lafiyayyu biyu. Haka har ka zagayo. Wancan karon ma haka ya zo, na farkon ma haka. Na faɗa wa direban da ya kawo shi, layi ɗaya ne yake ɗauke musu. To amma wa zai saurari mai naɗi?”

Abin da tsohon ya karanta a jikin wayar gaskiya ne, kuma yana da dalili. Wutar da ke juya irin wannan moto layi uku ce, bolt 415, waɗanda masu aikin wuta a nan suka saba bambantawa da launi: ja, rawaya da shuɗi. A cikin moton ma koyil rukuni uku ne. Idan layi ɗaya ya ɗauke alhali moto na cikin gudu, ba tsayawa yake yi ba, kuma nan haɗarin yake. Ci gaba yake da juyawa a kan layi biyu, yana zuƙar wuta mai yawa don ya riƙe nauyin da ke kansa. A irin haɗin da ake kira delta, rukunin da ke tsakanin layuka biyun da suka rage shi ke ɗaukar kashi biyu cikin uku na wutar. Shi kaɗai yake ƙonewa, cikin 'yan mintoci, 'yan uwansa biyu na nan da launinsu.

Wannan ya wanke mai naɗi tas, ya kuma rage wa yaron nauyi. Mai gyaran wuta ya ce, “Ai na faɗa, wutar layi ce.” Injiniya bai musa masa ba. Ya dai tambaya: a ranakun nan uku, akwai wani injin da ya tsaya? Babu. Moton dama fa, wanda tiransifoma ɗaya ke ciyar da su? Lafiyarsa ƙalau. Fitilun ofis da fankoki, wasu sun ɗauke? Ba wanda ya tuna da haka. Sai ya ce a kawo masa littafin da ake rubuta lokacin tada janareta da kashe shi, wanda ake ajiyewa saboda lissafin man gas. Ranar ƙonewa ta biyu, tun hantsi har magariba a kan janareta kamfanin yake. Ashe ko da wutar layi ko babu ita, layin nan yana ɗaukewa, kuma wa moto ɗaya tak yake ɗaukewa. Ke nan matsalar tana cikin gida, a wani wuri tsakanin babban akwatin rarraba wuta da moton hagu, tazarar da ba ta wuce tafiyar minti ɗaya ba.

Kafin ya bi wannan tazara, akwai tambayar da ta fi damunsa. Kowane moto irin wannan yana da mai gadi a akwatin tada shi, wato obalod, wanda aikinsa ke nan ya katse wuta idan ta yi yawa. Ina yake aka ƙona moto sau uku? Ya sa aka kashe wuta aka buɗe akwatunan biyu. Obalod ɗin dama shi ne na asali, an saita shi a amfiya 57. Na hagu wani ne daban, mafi girma, an saita shi a 98.

Mai gyaran wuta ya ce shi ya canza shi. “Na asalin ya dame mu da faɗuwa, Injiniya. Na duba farantin jikin moton, 98 aka rubuta, na sa masa daidai da nasa.”

Kuskure ne da ƙwararru da yawa suka taɓa yi, kuma bai kamata a raina wanda ya yi shi ba. Lambar da ke jikin faranti wutar layi ce gaba ɗaya. Amma a akwatin sta-delta irin wannan, obalod yana zaune ne a kan wayar da ke shiga rukunin koyil, inda kashi 58 cikin ɗari na waccan wutar kawai ke bi. Kashi 58 na 98 kuwa 57 ne. Saboda haka lokacin da layi ya ɗauke, rukunin da aka yi don ya ɗauki amfiya 57 ya koma ɗaukar ɗari da 'yan kai, mai gadinsa kuma an gaya masa kada ya motsa sai an wuce 98. Kafin ya yanke shawara, aikin gama ya gama. Injiniya ya ce ba za a tada moton ba sai an sayo obalod da ya dace, irin wanda ke gane ɗaukewar layi ɗaya. Alhaji da aka kai masa labari ya ce to ai an gano. Injiniya ya ce, “Ranka ya daɗe, mun gano abin da ya hana a cece shi. Ba mu gano mai kashe shi ba. Yanzu in layin ya ɗauke moto ba zai ƙone ba, amma aiki zai tsaya, kuma abin da ke yanke layin yana nan yana ci.”

Sai bayan mako guda, da aka dawo da moton aka ɗaura, sannan kyamarar ta fito.

Duk wani abu da ke duniya, dutse ne ko ƙarfe ko jikin mutum, yana fitar da wani haske da ido ba ya gani, kuma gwargwadon zafinsa gwargwadon ƙarfin hasken. William Herschel, masanin taurari haifaffen Jamus da ya zauna a Ingila, shi ya fara gano shi a shekarar 1800. Ya raba hasken rana zuwa launukansa da gilashi mai kusurwa uku, yana auna zafin kowane launi, sai ya tarar ma'aunin da ya ajiye bayan ja, inda babu launin komai, ya fi sauran hawa. Wannan shi ake kira infared. A tsakiyar shekarun 1960 kamfanin AGA na Siwidin ya fara sayar da kyamarorinsa don duba layukan wuta. Manya ne masu nauyi, sai an sanyaya su da ruwan naitirojin. Daga shekarun 1990 aka samu waɗanda ba sa buƙatar sanyayawa, yau ga su a tafin hannu. Idon kyamarar ba gilashi ba ne, domin gilashi tare wannan haske yake yi. Da wani ma'adini mai suna jameniyom aka fi yin sa. Bayansa akwai dubban ƙananan ma'aunai, kowanne na karɓar hasken daga ɗigo ɗaya na abin da aka nuna, kwamfutar ciki ta mayar da su hoto mai launi. Launin ba na abin ba ne, kyamara ce ta shafa don ido ya bambance. Kuma fatar abu kawai take gani, ba ta ratsa ƙofa, ba ta ratsa bango.

Da safe Injiniya ya maƙala mitarsa a wayar moton, ya ga amfiya talatin da 'yan kai. Injin na juyawa ne kusan wayam, shinkafar da ake busarwa ba ta sauko ba. Ya mayar da kyamara jaka ya nemi benci. Manaja ransa ya ɓaci, yana ganin an ɗauko mutum da kuɗi ya zo ya zauna. Amma zaman nan shi ne rabin aikin. Zafin da waya ko mahaɗa ke yi ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da wutar da ke bi ta ciki: in wuta ta ninka biyu, zafi huɗu yake ninkawa, in ta ninka uku, tara. Mahaɗar da za ta yi jawur da rana tana iya zama lumui da safe. Shi ya sa masu wannan sana'a ba sa yarda da hoton da aka ɗauka a kan lodin da bai kai kashi 40 cikin ɗari ba, kuma sun fi son cikakken lodi. Tunda tsakanin azahar da la'asar mai laifin yake fitowa, a lokacin za a tare shi.

Da aka idar da sallar azahar, injinan biyu sun ɗauki sa'o'i suna cin shinkafa, ya fara daga moton yana komawa baya. Bai tsaya neman wani adadi da za a ce shi ne haɗari ba. Kwatanci ya riƙa yi, hagu da dama, domin Allah ya ba shi tagwaye masu aiki iri ɗaya a ɗaki ɗaya. Boris na gaba da na baya, bambancin bai wuce digiri biyu a ma'aunin Salshiyas ba. Bel-bel ɗin ba sa zamewa, da fulin ya nuna. Jikin moton hagu ya fi na dama da digiri bakwai, kuma hoton ya nuna dalili: dusa ta toshe ragar fankarsa ta cike tsagogin jikinsa ta ɓangaren bango, inda tsintsiya ba ta kaiwa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. An ƙera yawancin motoci irin wannan bisa cewa iskar da ke kewaye da su ba za ta wuce digiri 40 ba, Kano kuwa a watan Afrilu tana haura haka a inuwa, kuma ƙa'idar da masu moto suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 a cikin koyil yana raba kwanan rufin wayar biyu. Ya ce a share in an tashi. Amma dusa ba ta yanke layi, ba ta kuma zaɓar kashi ɗaya cikin uku ta ƙona.

Mita ta ba da shaida ta gaba. Ja 88, rawaya 90, shuɗi 89, duka ƙasa da 98 ɗin da ke jikin faranti, alhali yaron yana aiki yadda ya saba. Injiniya ya rubuta lambobin ya nuna wa manaja ba tare da ya ce uffan ba.

Buɗe akwatin wuta yana cikin aiki ba abin wasa ba ne, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba. Mai gyaran wuta ne kaɗai ya buɗe, da safar hannu ta roba da garkuwar fuska, kowa ya ja baya, aka kuma yi sharaɗi babu mai miƙa hannu ciki. Ana buɗe akwatin tada moton, manaja da ke leƙe ta kafaɗar Injiniya ya yi ihu, “Ga shi nan!” Lallai ga wani fari fat a allon kyamara, a kan farantin ƙarfe mai sheƙi da ke bayan kontakta, yana nuna sama da digiri 70. Injiniya ya matsa taki ɗaya hagu. Farin ya matsa. Ya dawo dama, ya biyo shi. Ya ce, “Manaja, ɗaga kanka.” Kwanon rufin ɗakin ne, da rana ta gasa tun safe. Ƙarfe mai sheƙi madubi ne a idon wannan kyamara: zafin abin da ke gabansa yake nunawa, ba nasa ba. Zafi na gaskiya yana zama inda yake ko ta ina ka ɓullo masa. Da a ce wanda ya sayi kyamara jiya ne, da an kwance kontakta mai lafiya an jefar, a ce an yi gyara. Sauran akwatin babu abin faɗa, layukan uku sun yi daidai.

Saura ɗakin wuta. Tun kafin a buɗe babban akwatin ya tsaya a gaban ƙofarsa, ya ƙuntata ma'aunin kyamarar don ƙaramin bambanci ya fito. Can ƙasa ta hagu akwai wani tabo da bai kai faɗin tafin hannu biyu ba, ya ɗara sauran ƙofar da digiri uku. Digiri uku a jikin ƙofa ba ƙarami ba ne, domin abin da ya iya ɗumama ƙarfe ta cikin iska daga nesa, shi kansa ya yi nisa. Ruwa ba ya tsami banza.

Aka buɗe. Fiyus shida ne a wurin, masu amfiya 125, uku na moton dama, uku na hagu. Na dama: digiri 51, 52, 51. Na hagu: ja 55, shuɗi 57. Da ya kai kan rawaya, ya ɗora ɗigon awo a kan kan wayar, wato ƙarfen da aka ɗaure da noti a ƙasan fiyus ɗin, sai kyamara ta ce 58. Manaja ya yi ajiyar zuciya, ya ce nan ma babu. Injiniya ya ce ya dubi hoton gaba ɗaya, ya bar lambar. Ƙarfen ya fito duhu, amma abin da ke sama da shi da abin da ke ƙasa da shi suna ci bal-bal. Jikin fiyus ɗin, wanda na tangaran ne, ta ƙarshen da ke kusa da mahaɗar ya kai 104, yana raguwa in aka yi sama. Robar wayar dab da mahaɗar 118, taki ɗaya ƙasa ta sauko 80, taki biyu ta kusa komawa daidai da 'yan uwanta.

Madubin ɗazu ne ya sake dawowa ta wata fuska. Ba kowane abu ne ke sakin hasken zafinsa daidai ba. Ana auna wannan hali daga sifili zuwa ɗaya: fatar mutum 0.98, baƙin salatif na masu wuta wajen 0.95, roba da tangaran da fenti duk suna can sama. Jan ƙarfe ko alminiyom mai sheƙi kuwa yana iya zama ƙasa da 0.1. Yana iya kai zafin da zai soya nama, kyamara ta ce da kyar ya ɗara ɗaki. Saboda haka mai hankali ba ya tambayar ƙarfen, maƙwabtansa yake tambaya, ko kuma in an kashe wuta ya liƙa masa salatif don awon gaba. Siffar zafin ma magana ce. Wayar da lodi ya yi wa yawa, daga farkonta har ƙarshenta zafinta ɗaya. Wadda ta yi zafi a wuri guda tana hucewa in ka yi nisa, mahaɗarta ce ta lalace. Ga shi kuma mita ta riga ta ce layukan uku nauyi ɗaya suke ɗauke da shi.

Ƙungiyar NETA ta masu gwajin kayan wuta a Amurka tana da jadawalin da ake aiki da shi a ƙasashe da yawa. Idan abubuwa biyu iri ɗaya, masu lodi ɗaya, suka bambanta da digiri 1 zuwa 3, a sa ido. 4 zuwa 15, akwai matsala, a gyara in an samu sarari. Sama da 15, a gyara nan take. Bambancin rawaya ya wuce 60. Ja da shuɗi ma, in aka gwada su da na dama, sun shiga aji na biyu.

Nan Injiniya ya juya ga mai gyaran wuta, ya yi tambayar da tun kaka ba wanda ya yi. “Malam, fiyus ɗin da kuke canzawa duk lokacin da moto ya ƙone, na wane layi ne?”

Dattijon ya buɗe baki zai amsa, sai ya tsaya. Can ya ce, “Na tsakiya ne. Rawaya.” Ya sake yin shiru. “Duka ukun.” Ba wanda ya aike shi, ya tafi sito ya dawo da gwangwanin da yake tara matattun fiyus. Kowanne ƙarshensa ɗaya ya dafe ya canza launi, ɗaya ƙarshen fes.

Wata shida ana karanta labarin a juye. Kowa ya ɗauka moto ne yake ƙonewa ya yi shot ya tsinka fiyus, shi ya sa ba wanda ya kalli fiyus ɗin sau biyu. Alhali fiyus ne yake fara tsinkewa. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi don ya narke in ya yi zafi, kuma bai san daga ina zafin ya zo ba. Mahaɗar da ke ƙarƙashinsa tana gasa shi kullum, tana gajiyar da shi, har ranar da cikakken lodi da zafin ɗaki suka haɗu da wannan gashi, sai ya saki a kan amfiya 90 alhali 125 aka rubuta masa. Layin rawaya ya ɗauke. Moto ya koma gurnani a kan layi biyu. Sauran fiyus biyun ba sa tsinkewa da wuri, domin fiyus irin wannan yana iya jure abin da ya ɗara lambarsa da kaɗan na tsawon lokaci, obalod kuma an ɗaure masa hannu. Da ya ji wannan, dattijon ya ƙara tuno wani abu da kansa: kwanakin da tsohon obalod ɗin ya “dame su da faɗuwa”, a biyu daga ciki ya tarar da fiyus a tsinke. Ashe aikinsa yake yi, sau biyu ya ceci moton, aka saka masa da cirewa.

Alhaji ya ba da izini aka tsayar da aiki tun kafin la'asar. Aka sauke babban makunni aka sa masa kwaɗo, aka gwada aka tabbatar babu wuta, sannan aka kwance. Wayar alminiyom ce, an cusa ta a kan waya na jan ƙarfe, an daddake da guduma. Ciki duk farin gari da baƙi, silallan wayar suna motsi da hannu, wasu ma an yanke su tun farko don ta shiga. Sai labarin ya fito. Da daminar bara ruwa ya shiga ramin waya ya lalata kebul ɗin injin hagu. Jan ƙarfe ya yi tsada, aka sayi na alminiyom. An yi daidai da aka ɗauki mai kauri, tunda sauƙin wucewar wuta ta cikin alminiyom wajen kashi 61 cikin ɗari ne kawai in aka gwada da jan ƙarfe. Wajen haɗawa aka yi sakaci. Alminiyom ya fi jan ƙarfe buɗewa in ya ji zafi, ya fi shi tsukewa in ya huce, kullum a tada inji a kashe, har riƙon ya saki. Da iska ta samu hanya sai ya yi wata fata da wuta ba ta ratsawa, in kuma akwai danshi ƙarafan biyu su shiga cin juna. Riƙo ya saki, zafi ya ƙaru. Zafi ya ƙaru, riƙo ya ƙara saki. Abin da ya sa ke nan tazarar ƙonewar ta riƙa gajarcewa, kuma kowane sabon fiyus a kan tsohon ciwo ake ɗaura shi.

Gyaran bai ci yini ba. Aka yanke inda ya dahu, aka sa kan waya mai ƙarfe biyu, alminiyom ta wajen waya, jan ƙarfe ta wajen noti, aka matse da abin matsewa na gaske a duka layukan uku, aka canza mazaunin fiyus ɗin rawaya. Washegari da azahar Injiniya ya dawo ya tsaya inda ya tsaya jiya, a kan lodi irin na jiya: digiri 52, 53, 52. Takardar sallamar yaron ba a sa mata hannu ba. Manaja kuma aka ce ya je da kansa ya ba mai naɗi haƙuri.

Abin da ke damuna a wannan labari shi ne lokacin da kyamarar ta zo. Mahaɗar nan tun kaka take nuna kanta ga duk wanda zai duba. Minti goma a gaban akwatin, da an tsira da naɗi uku, da kwanakin da injin ya yi a tsaye shanshera na jibge, da mutuncin mutum biyu da ba su ji ba ba su gani ba. Amfanin wannan na'ura na gaske ba binciken gawa ba ne, zagaye ne na yau da kullum: akwati kaza, moto kaza, daga wuri ɗaya, a kan lodi sananne, a ajiye hoton bana a gwada da na baɗi. A Amurka, kundin NFPA 70B na kula da kayan wuta ya tashi daga matsayin shawara ya koma ƙa'ida a shekarar 2023, yana kuma neman a duba kayan wuta da kyamarar zafi aƙalla sau ɗaya a wata 12. Mu da muke da ƙura da zafi da sauyi tsakanin janareta da wutar layi sau da yawa a yini, mun fi su buƙata.

Ba kuma komai take gani ba. Boris yana fara lalacewa tun kafin ya yi zafi, na'urar auna girgiza ce ke riga kama shi. Ƙananan kyamarorin da ake maƙalawa a wayar hannu suna da amfani, amma ɗigoginsu kaɗan ne, in ka tsaya nesa sai su cakuɗa zafin ƙaramin noti da sanyin abin da ke bayansa su ba ka lamba mai kwantar da hankali. Kuma a labarin nan an ga rabon kowa: tsohon mai naɗi, littafin man gas, mita, gwangwanin fiyus, sannan kyamara.

Mai masana'anta da ke karanta wannan, ko ta shinkafa ce ko ta roba ko ta ruwan leda, ka kira mai kyamara kafin kaka ta kama, ka sa ya zo da rana tsaka lokacin da injinanka ke ɗauke da cikakken nauyi. In ya kawo maka rahoto, ka duba: duk hoton da ba a rubuta amfiyar da ke gudana a gefensa ba, ka mayar masa ya sake.